Tabarmar Rami Na Bakwai

Da hantsi motarmu ta shiga birnin, bayan kwana huɗu a hanya da tsallake iyaka biyu. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, haka na sauka da su a hannu. Sunana Nomau, daga wani ƙauye kusa da Tamaske. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, na baro mata da 'ya'ya uku da rumbun da bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Abin da na dogara da shi kawai lambar ɗan kawuna Sa'idu, wanda aka ce yana talla a babbar kasuwar wannan birni na bakin teku.

A cikin tashar wani mutum mai farar riga ya tare ni da sallama. Hausarsa tsaf, har da tambayar mutanen gida. Kwana huɗu ban ji wanda ya tambaye ni gajiya ba, sai na saki jiki. Na faɗi sunan Sa'idu, ya ce ai maƙwabcinsa ne, jiya ma tare suka ci abinci. Ya karɓi salulata wai zai kira shi, ya ɗauki jakata wai zai sa a taksi, ya nuna mini famfo ya ce in wanke fuska kafin ya juyo da motar. Na wanke fuska. Na tsaya a wurin har aka kira la'asar. A cikin jakar akwai katin shaidata, da tufafina, da cukun da matata Zainabu ta ƙulle mini a leda. Lambar Sa'idu kuwa tana cikin salular, ban taɓa haddace ta ba. Sai daga baya na ji cewa Sa'idun ya yi wata takwas da barin ƙasar ma.

Kwana goma sha ɗaya na yi a barandar wani masallaci na zango, unguwar Hausawa baƙi. Akwai wata mata mai sayar da aceke, wato dambun rogo, da kifi a bakin hanya, ba ta jin Hausa, ni kuma Faransancina na aji uku ne. Na fara ɗebo mata ruwa ba tare da ta sa ni ba. Ita kuma kullum da azahar sai ta tara kawunan kifi a kan aceke ta turo mini kwanon da ƙafa, tana kallon wani gefe don kada in ji kunya. Har yau ban san sunanta ba.

Ranar Juma'a ta biyu, bayan an sallame, ina roƙon wani ya ara mini waya, sai wani tsoho siriri mai furfura ya juyo.

"Kai, sake hwaɗin abin da ka ce."

Na maimaita.

"Wanga baki na Adar na. Ɗan ina ka ke?"

"Tamaske, Baba."

"Ni mutumen Deule na. Tankari sunana. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi rigar da ban cire ba tun daga gida, ya ce, "Taso mu tahi."

Ɗakinsa ɗaya ne, na kwano, a bayan wata katanga mai tsawo. Ya shimfiɗa mini tabarma kusa da tasa, ya ba ni waya na kira gida. Washegari da asuba ya kai ni inda yake aiki. Ya buɗe wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a jikin katangar, muka shiga, na tsaya cak. Fili ne kore shar iyakar ganin ido, da tuddai da tafkuna da manyan itatuwa, ruwa kuma yana fita daga ƙasa yana juyawa da kansa. Ni da na girma ina ɗaukar duwatsu a ka muna jera su a fako don mu tare ruwan sama ɗaya, ban san lokacin da na ce "Subhanallahi" da ƙarfi ba.

"Rufe baki," in ji Baba Tankari. "Hilin golf na. Masu hali ka buga ɗan ƙwallo da sanda har shi hwaɗa rami. Ramu goma sha takwas. Mu namu ciyawa."

Shef ɗin ma'aikatan fili ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi takarduna. Baba ya ce shi ne takardata. Aka ba ni riga koriya da tiyo.

A makon farko na koyi cewa kulob ɗin ƙofa uku gare shi. Babbar ƙofa, mai furanni, ta mambobi ce, masu kati. Mai gadi ya san motar kowannensu, tun daga nesa yake ɗaga sanda. Ta biyu tana gefe, ta baƙi, waɗanda suke zuwa su yi wasan yini ɗaya su tafi. Su a taga ake karɓarsu, su cika takarda, su ajiye kayansu a wata 'yar rumfa. Ranar Asabar ba a barinsu su fara sai mambobi sun gama, wato sai rana ta take. Ba sa hawa benen sama, ba sa zama a babbar baranda. Na sha ganin baƙo, babban mutum da tumbinsa da agogonsa, ya nufi barandar nan da fara'a, sai ma'aikaci ya tare shi da ladabi ya nuna masa wasu kujeru a bayan kicin. Ƙofa ta uku ita ce tamu.

Ba zan ce mambobin mugaye ba ne. A tsakaninsu akwai zumunci irin wanda ban zata zan gani a wurin masu kuɗi ba. Da yamma in suka taru a baranda, sai ka ji dariya kamar ta dandalin ƙauye. Sun san 'ya'yan juna, suna tsokanar juna da sunayen wasa, kowa da akwatinsa a ɗakin sauya kaya da sunansa a jiki. Da wani tsohonsu ya rasu, sun sauke tuta, sun tsaya shiru a gaban rami na farko, na ga manya suna share hawaye. Sai dai wannan ɗumin iyakarsa barandar. Mu ƙa'idarmu ita ce in ɗan wasa ya ɗaga sanda, ka kashe inji, ka tsaya cik, ka kula kada inuwarka ta faɗa gabansa.

"Ka zama icce," in ji Baba. "In ya wuce ka koma mutum."

Kowane rami yana da wani dandamali na ciyawa mai laushi kewaye da shi, inda ake gangara ƙwallon a hankali. Mu 'yan Adar tabarma muke ce masa. Baba Tankari shi ne mai tabarmi. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki. Da sassafe yakan cire takalmi ya taka kowace ɗaya, da tafin ƙafa yake gane wadda ta sha ruwa da yawa da wadda take jin ƙishi. Wani lokaci ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya shinshina. Wadda ya fi so ita ce ta rami na bakwai, a gindin wani tudu. Da can ruwa yake kwanciya a kanta, turawa biyu masu takardu sun zo sun gwada sun kasa. Shi ne ya haƙa ƙananan hanyoyi a bayan tudun ya jera duwatsu, irin yadda ake yi a gonakinmu, ruwan ya canja hanya.

Akwai wani mamba, babban lauya, ana ce masa Metir. Duk Asabar in ya iso rami na bakwai sai ya ɗaga wa Baba hannu ya ce, "Musa, yaya tabarmarmu yau?" Baba ya amsa da murmushi. Na tambaye shi dalili.

"Wanda na gada Musa sunanshi. Da ya tahi sunan ya tsaya nan. Ni kau ban ga abin gardama ba."

Shekara shida rabonsa da Deule. Matarsa, Inna Rabi, takan aiko da saƙon murya a wayar maƙwabta, shi kuma ya saurara sau uku ko huɗu, yana jingine da bango. Kullum maganarsa ɗaya ce, bayan wannan damina zai koma gida ya zauna. Na ji ta a shekarata ta farko, na ji ta a ta biyu.

Daminar can ba irin tamu ba ce. Ruwa yake zuba kwana da kwanaki, babu ƙamshin ƙasa, babu wanda ya fito yana murna. Wata rana ina tsaye a bayan ɗakin injin ruwa sai saƙon Zainabu ya shigo. Ta ce an yi ruwan shuka, ƙanena ya yi sara, ita da yara sun bi da iri. A ƙarshe ƙaramar 'yata, wadda na bari tana rarrafe, ta karɓi wayar ta ce "Baba" sau biyu, sannan ta tambayi uwarta wane ne Baba. Na zauna a kan bututu na yi kuka. Baba Tankari ya same ni a haka, ya zauna kusa da ni. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, muka zauna har ruwan ya tsagaita.

A shekara ta biyu ne maganar jeri ta taso. Idrisa mai kula da abin sha a baranda, ɗan Burkina ne mai jin Hausa, shi ya fayyace mana. Ya ce akwai wata mujalla da take jera filayen golf na ƙasashen yankin, daga na gaba zuwa na baya. Jerin kashi biyu ne, makin da mambobi suka ba filinsu, da makin da baƙi suka ba shi. A wajen mambobi kulob ɗinmu yana can sama. A wajen baƙi kuwa yana can ƙasa, har wani ya rubuta cewa ciyawar ta fi mutanen wurin iya karɓar baƙo. Wannan magana ta ƙona wa shugabanni rai. Aka ce masu dubawa za su sake zuwa cikin wata biyu, kuma ba sa faɗin ranar, a matsayin baƙi suke shigowa.

Na zaci za a buɗe wa baƙi baranda. An yi taro a kan haka, Idrisa ya ce har an ɗaga murya, amma masu cewa a'a suka yi rinjaye. Abin da aka amince da shi shi ne a yi wa rumfar baƙi fenti, a sa musu fanka, sannan a gyara fili har ya zama babu mai iya kushe shi. Nauyin sai ya faɗo kanmu. Aka soke hutun mako. Muna shiga tun kafin gari ya waye, ba ma fita sai magariba.

Ana cikin haka wata cuta ta kama tabarmar rami na bakwai, tabo-tabo jajaye kamar makero. Baba ya daina cin abincin rana. Yana durƙushe yana cire ciyawar da ta mutu da wuƙa, yana dasa sabuwa tsinke-tsinke. A lokacin ne na lura ƙafafunsa sun kumbura, kuma in ya hau tudu sai ya tsaya ya dafe ƙirji.

"Baba, mu tahi likita."

"In tabarmag ga ta warke."

"Ai ba taka ba ta, Baba. Tasu ta."

Ya ɗago ya dube ni, ransa a ɓace. "Ni na yi ta. Su wasa kawai su ka yi bisa."

Tabarmar ta warke cikin mako uku. Ranar wata Asabar, ana gasar mambobi, wajen ƙarfe goma, ni da shi muna share yashi a gefen ramin. Na ji manjagararsa ta faɗi. Da na juya, Baba yana kwance a kan gefensa, bakinsa a buɗe, yana neman numfashi. Na yi ihu. Shef ya iso da gudu da wayar sadarwa a hannu. Na ce a kawo motar aiki. Ya ce ba a ratsa fili da mota ana tsakiyar gasa, in ja shi bayan itatuwa tukuna, ga 'yan wasa nan sun taho. Na san shi ma tsoron rasa aikinsa yake yi. Muka ja Baba inuwa. Metir da abokansa uku suka iso. Ya leƙo, ya cire hula, ya ce, "Musa ne? Rana ce ta buge shi. Ku ba shi ruwa ya huta." Suka buga ƙwallayensu suka wuce.

Ban ƙara jiran kowa ba. Na ɗauko baron da muke kwasar yashi, na sa Baba a ciki, ƙafafunsa suna reto, na tura ta hanyar bayan itatuwa. Hanyar tana bi ta gaban rumfar baƙi. Mutum biyar ko shida suna zaune suna jiran mambobi su gama. Wata mata mai kimanin shekara hamsin, da farar hula da takalman wasa, ta miƙe tsaye. Ta dubi baron sau ɗaya, ta ce da Faransanci, "Motata tana nan kusa. Zo."

Ita ta kama ƙafafunsa, ni na kama kafaɗu, muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyata. Tana tuƙi tana danna oda, tana tambayata sunansa. Na ce Tankari. Sai ta riƙa kiransa, "Musiyo Tankari, mun kusa, Musiyo Tankari." Ya buɗe ido ya dube ni. Na sunkuya na yi masa kalmar shahada a kunne, na ga leɓɓansa suna bi. A kan wata gada, cikin cunkoson motoci, ya ja numfashi mai tsawo, bai sake ja ba. Na rufe masa ido. Ban faɗa mata ba sai da muka isa ƙofar asibitin, amma ina jin ta gane, domin tun daga gadar ta daina danna oda.

Ba ta tafi ba. Ita ta yi magana da likitoci, ita ta cika takardun da ni ba zan iya ba, ta tsaya har 'yan zango suka zo. Washegari muka yi masa wanka, muka sallace shi, muka kai shi. 'Yan Adar sun fito sosai, daga Madawa, daga Buza, daga Keita, masu shayi da masu gadi da masu tura kura. Da muka fito daga maƙabarta na hango motarta a can nesa, tana tsaye a jikinta da ɗankwali a kai. Ta ɗaga mini hannu, ta shiga ta tafi. Wasu ma'aikata sun ce wai tana cikin masu dubawar mujallar nan. Ni ban sani ba, ban kuma sake ganinta ba.

Ranar Litinin aka manna takarda a allon sanarwa, cewa kulob yana baƙin cikin rasuwar ma'aikacinsa Musa. Idrisa ya ɗauki biro ya soke sunan ya rubuta Tankari a sama. Asabar ta gaba Metir ya sa aka kira ni. Ya sauko daga baranda ya same ni a ƙasa, takardar tana hannunsa.

"Wannan ne sunansa?"

Na ce shi ne.

"Shekara goma sha biyar ina ce masa Musa. Me ya sa bai taɓa gyara mini ba?"

Na ce ban sani ba. Ya tsaya yana juya takardar, ya ce da ya san abin ya kai haka da bai buga ƙwallon nan ba. Na yarda da gaske yake. Ya miƙo mini hannu, muka gaisa, ya koma sama.

Bayan wata biyar mujallar ta fito. Kulob ya riƙe matsayinsa a wajen mambobi, ya kuma hau sosai a wajen baƙi. Idrisa ya karanta mana inda aka yabi tabarmar rami na bakwai, aka ce babu kamarta a yankin. Hoton shef aka sa a gefe. Aka yi biki a baranda, mu kuma aka aiko mana da lemo da sababbin huluna a ɗakin inji. Shef ya ce daga yau ni ne mai tabarmi. Na ce ya ba ni wata biyu in je gida tukuna.

Kayan Baba ba su cika jaka ɗaya ba: riguna uku, carbi, rediyo, da atamfa biyu sababbi da ya saya tun bara ya ajiye. Ban fara zuwa Tamaske ba. Na sauka a Buza, na hau kabu-kabu zuwa Deule. Ana cikin girbi, duk gari ƙurar sussuka. Aka nuna mini gidan. Inna Rabi ta riga ta fita takaba. Ƙaramar mace ce, ta shimfiɗa mini buzu a zaure ta zauna daga bakin ƙofa. Na ajiye jakar a gabanta, ba ta taɓa ta ba.

"Ɗana, kai ad da shi sa'adda ya cika?"

"Ni na, Inna. Kanshi na bisa cinyata."

"Ya samu shahada?"

"Ya samu."

"Wa ya yi mishi wanka?"

"Ni da limamin zango."

"An samu mutane?"

"Sahu huɗu, Inna. Duk 'yan gida."

Ta gyaɗa kai. Ban ba ta labarin baro ba, ban kuma ba ta na sunan Musa ba.

"Shekarun ga duka in na tambaye shi aikinshi, sai shi ce noma. Mi shi ka nomawa can?"

Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Ciyawa, Inna."

"Ta dabbobi?"

"A'a. Mutane ka tahiya bisanta suna wasa."

Ta dube ni da kyau, ko tana zaton raina mata hankali nake yi. Da ta ga ba haka ba ne, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"To ta yi kyau?"

"Ta yi kyau, Inna. Duk ƙasashen can babu irin tashi. Har takarda anka rubuta."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Da can ma haka ya ke. Ko gonarmu in ya yi huɗa, mutane tsayawa su kai su duba."

Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo jakar ta rungume a ƙirji, ta miƙe ta ce in jira ta dama mini fura kafin in kama hanya.